Gini Ɗaya, Kowa da Takardarsa

Ka jera takardun zanen gidan bene da ƙwararre ya fitar, ka duba su da kyau. A takardar magini, bango ya fito baƙi ƙirin da kaurinsa, kowace ƙofa da awonta. A ta mai aikin wuta kuwa, wannan bangon dai ya dusashe ya koma toka-toka, wayoyi da soket da makunnai ne suka fito ɓaro-ɓaro. Wanda bai san aikin ba zai rantse sau biyu aka zana gidan. Sau ɗaya ne, kuma nan gwanintar take.

A manhajar AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fara fitarwa a 1982, ana zana gini da ainihin girmansa a fili guda, sannan a buɗe tagogi a kan takardar bugawa, kowacce tana leƙen wani sashe nasa. An daɗe abin da mai zane ke iya yi wa leya, wato rukunin abubuwa iri ɗaya kamar bango ko wayoyi, a taga ɗaya bai wuce ya ɓoye ta ko ya bayyana ta ba. In yana son bango ya canza launi a takarda ɗaya kawai, sau da yawa sai ya kwafi zanen. Kwafi kuwa tarko ne: a matsar da ƙofa a nan, a manta da can, mai wuta ya je ya kafa soket inda ƙofa za ta zauna. AutoCAD 2008 ne ya kawo sauƙi, ya ba kowace taga ikon sauya launin leya da kaurin layinta da irinsa, ba tare da an taɓa asalin zanen ba.

Amma da sharaɗi. Sauyin yana kama abin da aka bari ya bi leyarsa ne kawai, wato wanda aka sa wa ByLayer. Wanda ya bi layi ɗaya-ɗaya yana shafa masa launi da hannu ya ɗaure kansa, taga ba za ta ji maganarsa ba. Shi ya sa tun ranar da aka buɗe fayil ake gane gwani.

A manhajar Revit, wadda Autodesk ya saya a 2002, abin hawa-hawa ne. Akwai salon da ya shafi aikin gaba ɗaya, sai na taga, sai ƙa'idar tacewa, sai umarnin da aka ɗora wa abu guda, kuma kowanne yana danne wanda ya gabace shi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ƙwararre ke kama hannunsa daga na ƙarshen, duk da shi ne mafi sauri. Ya fi son ya kafa ƙa'ida: duk bangon da aka yi don tare gobara ya fito ja. Gobe in an ƙara wani, da kansa zai yi ja. Wanda aka rina da hannu kuwa, duk wanda ya gaji fayil ɗin sai ya wuni yana neman dalilin da ya sa bango ɗaya ya ƙi bin 'yan'uwansa.

Sai kuma ido, wanda manhaja ba ta bayarwa. Abin da zanen ya yanka, kamar bango, ya sami layi mai kaurin milimita 0.5 ko 0.7, wanda ake hangowa 0.25, na baya 0.13. Bangon da za a rushe a gyaran tsohon gida ya fito a tsittsinke. Gwani ya san takardarsa za ta iya ƙarewa a injin da baƙi kawai yake bugawa, inda ja da kore ke zama abu ɗaya, rawaya ta kusa ɓacewa. Don haka ba ya dogara da launi kaɗai. Yakan buga gwaji baƙi da fari kafin ya aika wa masu aiki, ya tabbatar mai aikin famfo zai bambanta bututun ruwan sha da na ƙazanta ko da ƙurar siminti ta hau takardar.