Rainon Na'ana'a a Hunturun Kajiji

A Amurka ta Arewa akwai wata 'yar'uwar na'ana'a da ƙanƙara ke kashe wa ganye duk shekara, ta kwanta a ƙasa, ta sake tohowa idan gari ya yi ɗumi. A Kajiji, cikin ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, ba a san irin wannan ƙanƙarar ba. Abokin gabar na'ana'a a nan shi ne busasshiyar iskar da ke tasowa daga arewa maso gabas tun ƙarshen Nuwamba, ta tsotse damshin ƙasa, ta turbuɗe ganye da ƙura.

Abin da mai lambu ke fara yi yakan ba baƙo mamaki: lauje yake sawa ya yanke tsofaffin rassa, ya bar tsawon yatsu uku kawai. Ya san ran tsiron yana cikin fararen saiwoyin nan masu rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, kowace gaɓa da idon da zai fitar da sabon toho. Tsohon reshe ruwa kawai yake sha.

Daga nan sai komi, wato ɗan fangalin da aka yi wa baki don ya riƙe ruwa. Da hannu ake cire ciyawarsa, domin fartanya na datse saiwar da ba ta yi nisa ba. A barbaɗa takin awaki wanda ya ruɓe ya huce, ɗanye kan ƙona tsiro, a rufe da ƙaiƙayin gero. A kafa zana ta ɓangaren da iska ke bugowa.

Ban ruwa ne ya fi burge ni. Mai lambu ba ya kallon saman ƙasa, don hunturu na busar da shi nan take. Yatsa yake cusawa har gaɓa ta biyu. In ya ji sanyi-sanyi sai ya ƙyale, in ya ji gari sai ya tsiyaya ruwa a gindi a hankali, ya yayyafa ragowar ya wanke ƙurar ganye. Duk wannan da hantsi, lokacin da wasu ba su bar bakin wuta ba.

Kafin zafin Maris ya kankama, sai ya tono curin saiwar, ya rarraba shi da hannu, ya dasa kowane kashi a inuwar mangwaro. Sabon ganyen da ya biyo bayan yankan, shi masu shayi suka fi nema, don ya fi ƙamshi.