Gidan Tarihin Seriki Abass na Badagiri: Abin da Ya Nuna da Abin da Ya Bari

Manufar wannan takarda ita ce auna gidan tarihin Seriki Williams Abass da ke Badagiri, Jihar Legas, da ma'aunin ilmin tarihi. Asalinsa matsarar bayi ce mai ƙananan ɗakuna 40. Mai gidan kuwa bawa ne da aka kai Barazil, ya komo ya shiga fataucin, ya rasu a 1919.

Ƙarfin gidan shi ne gani ya kori ji. Duhun ɗakunan da nauyin sarƙa da mari suna koyar da ɗalibi abin da allo ba ya iyawa.

Amma akwai gyara iri biyu. Na farko, adadin bayin da ake cewa an musanya da laima ko kwalbar giya, da baka ake ba da shi. Ruwayar baka hujja ce, amma wajibi ne a gwama ta da rubutattun bayanan fatake. Na biyu, labarin ya tsaya a bakin teku. Alhali cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da Nufawa da Barebari, ganimar yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804. Har Hausawa sun ƙulla tawaye a Bahiya a 1807.

Saboda haka wannan gibi namu ne, mu malamai. Kafin mu kai ɗalibai Badagiri, sai mu karantar da su kasuwannin bayin ƙasar Hausa, da dalilin da ya sa dokar da ta soke bauta ɗungum a Arewa ta jira har 1936.