Murmushin da Ya Fi Kuka Ciwo: Soyayya da Yanke Ƙauna a Rubutun Dorothy Parker

1.0 Gabatarwa

Galibin marubutan da suka ɗauki soyayya a matsayin jigo, idan suka zo kan rabuwa ko yaudara, hawaye suke sa wa a gaba. Masoyi ya yi ta kuka, ya ƙaurace wa abinci, barci ya gagare shi, har mai karatu ya gaji da tausaya masa. Akwai kuwa waɗanda suka bi wata hanya dabam, wato su sa mai karatu dariya, sai bayan ya dara ya farga cewa a kan gyambon wani ya yi dariyar. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken ayyukan ɗaya daga cikin gwanayen wannan hanya, Dorothy Parker ta ƙasar Amurka, domin a nuna cewa barkwancinta ba ado ba ne, garkuwa ce ta wadda ba ta da ta cewa a sha'anin so.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinta

An haifi Parker a shekarar 1893, ta rasu a birnin Niyok a 1967. Ta yi aiki da mujallar Vanity Fair, sannan ta zama cikin marubutan farko na mujallar The New Yorker da aka kafa a 1925. Kundin waƙoƙinta na farko, Enough Rope, ya fito a 1926, ya kuma samu kasuwa irin wadda ba kasafai littafin waƙa kan samu ba. Lokacin da ta yi tashe ya zo daidai da sauyi a rayuwar matan Amurka: a 1920 suka sami 'yancin jefa ƙuri'a a duk faɗin ƙasar, da yawa kuma suna aikin ofis. Duk da haka, a fagen neman aure al'ada na nan daram, namiji shi ke nema, mace kuwa nata jira. Wannan giɓi tsakanin 'yancin da aka ce an ba mace da jiran da aka bar ta da shi, shi ne gonar da Parker ta noma.

3.0 Jigo da Warwararsa

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ana iya cewa duk rubutun Parker musu ne ga wannan karin magana, domin taurarinta mata ne waɗanda aka hore su da kada fuskarsu ta faɗi abin da ke ransu.

A gajeren labarinta "The Waltz" na 1933, wani ya nemi wata mata su yi rawa, ta amsa da fara'a. Daga nan marubuciyar ta raba zancen gida biyu: abin da bakin matar ke faɗa, da abin da zuciyarta ke faɗa. Mutumin bai iya rawa ba, yana ta shurinta a ƙwauri. A fili tana wanke shi, tana ɗora wa kanta laifin. A ɓoye kuwa tana tsine masa. Da kiɗa ya tsaya, ya kawo shawarar a biya makaɗa su ci gaba, sai ta sake amsawa da murna. Abin dariya ne, amma duk wanda ya natsu zai ga rawar alama ce ta zaman da mace ke yi da wanda ke cutar da ita, don kawai an koya mata cewa ƙi rashin ladabi ne.

A "A Telephone Call" na 1928 kuwa babu ma abokin magana. Budurwa ce ita kaɗai a ɗaki, ta zura wa tarho ido. Saurayin ya ce zai buga da ƙarfe biyar, ga shi bakwai ta gota. Tana roƙon Ubangiji ya sa tarhon ya yi ƙara, tana ƙirge biyar-biyar zuwa ɗari biyar don ta hana hannunta buga masa, ta ƙirƙiro masa uzuri, ta yi masa fatan mutuwa, ta kuma janye nan take. Labarin ya ƙare tana cikin ƙirge. Marubuciyar ba ta ce saurayin mayaudari ne ba, ta bar budurwar ta tona hakan da bakinta, alhali tana ƙoƙarin rufa masa asiri. A nan ne hikimar take: yaudarar da ta fi muni ita ce wadda mai so ke yi wa kansa. Son maso wani, ƙoshin wahala.

Inda jigon ya kai maƙura shi ne "Big Blonde", wanda ya ci kyautar O. Henry a 1929. Tauraruwarsa, Hazel Morse, ta yi farin jini wurin maza saboda raha. Da ta yi aure ta so ta huta da wasan, ta riƙa nuna damuwarta, sai mijin ya gundura ya tafi. Ta koma hannun wannan zuwa na wancan, kowa sharaɗinsa guda, kada ta ɓata masa rai da baƙin cikinta. Ta faɗa shan giya, ta nemi halaka kanta, aka ceto ta, sannan mai aikinta ma ta shiga yi mata nasihar ta saki ranta. A wannan labari dariyar kanta ce aka gurfanar gaban shari'a, domin ta zama harajin da ake karɓa daga mace kafin a zauna da ita.

4.0 Salo

Waƙoƙin Parker gajeru ne, masu tsayayyen kari da amsa-amo. Dabararta ita ce ta ari rigar tsohuwar waƙar bege, ta lallaɓa mai karatu har ya saki jiki, sannan ta yi masa ƙafar ungulu a ɗangon ƙarshe. A "One Perfect Rose", baitoci biyu na farko yabon fure ne da masoyi ya aiko, cike da tattausan lafazi. A na uku sai mai maganar ta koka cewa ita dai kullum fure, ba a taɓa aiko mata da mota ba. A "Unfortunate Coincidence", mai ɗango shida kacal, masoya biyu ne ke rantse-rantsen so, sai waƙar ta rufe da tunasar da matar cewa ba duka rantsuwoyin biyu ne na gaskiya ba.

Manazarcin adabin Hausa ba zai ji wannan salo baƙo ba, don ɗan'uwan habaici ne da gugar zana. Kamar yadda mai kawaici kan saƙa ƙorafinta cikin karin magana ko waƙar niƙa saboda kunya ta hana ta faɗa kai tsaye, haka taurarin Parker ke fakewa da raha. Bambancin shi ne, mai habaici wani take harbi, ita kuwa Parker sau da yawa kan mai maganar kibiyar ke juyowa.

5.0 Naƙasu

Ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa aibi a rubutu. Wanda ya karanta waƙoƙinta goma a jere zai gane lagonta, ya riƙa jiran bugun ƙarshe tun daga baitin farko, kuma tarkon da aka gani ba ya kamu. Haka nan duniyarta ƙuntatacciya ce: mazan da ke cikinta kusan duk tafiyarsu ɗaya, ba a cika leƙa zukatansu ba, so kuma ba ya ƙarewa da komai sai cizon yatsa. Wannan ya sa labaranta suka fi waƙoƙin nauyi, domin a zube ta sami filin da za ta nuna yadda ciwon ya faro, ba tsinin maganar kaɗai ba.

6.0 Kammalawa

An ga yadda Parker ta mai da tazarar da ke tsakanin baki da zuciya ta zama jigo kuma salo a lokaci guda. Darasin da ke ciki ga ɗalibai masu jarraba alƙalaminsu a fagen soyayya shi ne, yawan ambaton hawaye ba shi ke sa mai karatu hawaye ba. Budurwar da ke ƙirge a gaban tarho ba ta buƙaci marubuciyar ta yi mata kuka ba, amma da wuya a gama labarinta ba a tuna wani jira da aka taɓa yi ba. Sai dai a kula, barkwancin da babu ciwo a ƙarƙashinsa shaƙiyanci ne kawai.