Mutum biyu a jirgi ɗaya: nazarin The African Queen

Akwai wani nau'in fim da Hollywood ta daɗe tana juyawa: a ɗauko namiji da mace waɗanda ba sa ga-maciji da juna, a jefa su cikin jirgi ɗaya a kan kogi mai haɗari, a bar ruwa ya yi musu dillancin aure. Uban tafiyar shi ne The African Queen na John Huston, wanda ya fito a 1951, aka ɗauko shi daga littafin C. S. Forester na 1935. Rooster Cogburn na 1975 da Jungle Cruise na 2021 duk sawunsa suka bi, ba su kuma kamo shi ba. Sun ɗauka sirrin yana wurin kada da gangaren ruwa, alhali yana kan fuskokin mutum biyu ne.

Labarin bai da yawa. A 1914, yaƙin duniya na farko ya iso Gabashin Afirka ta Jamus. Sojojin Jamus suka ƙone ƙauyen da Rose Sayer da yayanta ke aikin mishan, yayan ya mutu. Charlie Allnut, wani mashayi mai tsohon jirgin tururi da ke kai wasiƙu da kaya, ya ɗauke ta. Ita kuwa ta kafe sai sun gangara kogin Ulanga har tafki, sun nutsar da jirgin yaƙin Jamus mai suna Louisa da nakiyar da za su haɗa da hannunsu.

Humphrey Bogart, wanda ya fito a matsayin Charlie, ya haura shekara 50 a lokacin, kuma masu kallo sun saba ganinsa cikin kwat, sigari a baki, fuska a murtuke, kamar a Casablanca. A nan ya zubar da girman nan gaba ɗaya. Gemu ba aski, riga duk baƙin mai, cikinsa na ƙugi a teburin shayin 'yan mishan yana ta kame-kame. Sai dai wurin da ya ci kyautar Oscar ɗinsa guda ɗaya tilo, a ganina, shi ne inda jirgi ya maƙale a cikin ciyawar fadama. Ya shiga ruwa yana jan sa da igiya, ya fito jikinsa duk matsattsaku, yana rawar jiki da ƙyama yayin da Rose ke zuba musu gishiri. Jirgi bai motsa ba. Ya dube ta, ta dube shi, ya sake komawa cikin ruwan. Wanda ya saba da finafinan Indiya ko na Kannywood zai jira waƙa a daidai nan. Huston bai sa ko ɗaya ba, komawar nan ce furucin soyayyar.

Aikin Katharine Hepburn a matsayin Rose ya fi wuya, kodayake ita ba ta ci kyautar ba. An ba ta mace mai tsaurin addini da za ta iya gundurar mai kallo cikin minti goma. Huston ya shawarce ta da ta tuna murmushin Eleanor Roosevelt, uwargidan tsohon shugaban Amurka, na matar da ke danne damuwa a gaban jama'a. Da wannan murmushin ta tsiyaye kwalaben giyar Charlie ɗaya bayan ɗaya cikin kogi, yana kwance kansa na sara. Bayan sun tsallake gangaren ruwa na farko, Charlie na zaton za ta ce a juya, sai ga idonta na ƙyalli, daɗi ya kama ta. Daga nan ita ce mai riƙe da akalar jirgi da ta labarin. A bayan fage kuwa, a Kongo ta Beljiyam da Yuganda inda aka ɗauki fim ɗin, atuni ya kwantar da ita saboda ruwan da take sha, Bogart da Huston da suka riƙe wuski suka tsira.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Afirkar da ke sunan fim ɗin. Mutanen ƙauyen sun bayyana a farko suna hargitsa waƙar coci don a yi dariya, aka kora su, labari bai sake tambayar inda suka shiga ba. Yaƙin nan kuwa ya cinye ɗimbin 'yan dako da askarawa baƙar fata a ƙarƙashin kwamandan Jamus von Lettow-Vorbeck da abokan gabansa Turawan Ingila. Wannan nau'in fim yana buƙatar kogi fanko domin masoya su keɓe, kuma waɗanda suka biyo baya sun gaji wannan makantar. Ƙarshen ma sauƙi aka nema: bayan jirginsu ya kife an kama su za a rataye, kyaftin ɗin Jamus ya ɗaura musu aure igiya na wuyansu, Louisa ta yi karo da gawar jirginsu ta tarwatse. Forester bai rubuta haka ba, masu fim ne suka ƙara.