Dokar zama ɗan ƙasa ta fifita amarya a kan ango

A 'yan shekarun nan aure tsakanin 'yan Najeriya da mutanen wasu ƙasashe ya daina zama abin mamaki a Abuja. Wasu ɗalibanmu da suka yi karatu a Sudan, Masar, Malesiya ko Turkiyya sun dawo da abokan zama, ga kuma tsohuwar auratayya tsakanin Maraɗi da Katsina, Damagaram da Daura. Abin da ya sauya shi ne yanzu kowa na neman takarda. Ɗaurin aure da waliyyi da shaidu da sadaki ya halatta zama a addinance, amma jami'in shige da fice a hedikwatarsu ta Sauka takardar shaidar aure zai fara tambaya, sai fasfo, sai hotuna, sai wasiƙar wanda ya tsaya maka.

Wannan neman takarda abu ne mai kyau, kuma ina goyon bayansa. Damuwata ita ce abin da ma'aurata ke tararwa idan sun kai fayil ɗinsu Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida.

Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, muddin tana da halin kirki, ta nuna niyyar zama a nan, ta kuma yi rantsuwar biyayya. Namijin da ya auri 'yar Najeriya kuwa babu shi a wannan sashe. Hanyarsa ita ce sashe na 27, wanda ya tanadi zaman shekara 15 a ƙasar kafin a saurare shi, kamar kowane baƙo da bai da kowa a nan. Abin da ma'aikatar ke ba shi kafin nan wani matsayi ne na baƙo na musamman, wanda ke ba shi izinin zama, ya karɓi katin zama na CERPAC. Izinin zama dai izini ne, ba ya ba shi fasfo, ba ya ba shi ƙuri'a.

Ga inda abin ya fi ɗaure kai. Sashe na 25 ya ce ɗan da uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun haihuwa. Ke nan a gida ɗaya a Kubwa ko Lugbe, uwa da 'ya'ya suna riƙe da koren fasfo, uban da ke biyan kuɗin haya da na makaranta shi kaɗai ne ke duba ranar da katinsa zai ƙare. Kundin nan kuma shi ne a sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda jinsi.

An yi yunƙurin gyara. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da wanda zai ba mijin 'yar Najeriya damar rajista. Mata suka yi dandazo a ƙofar majalisar na kwanaki, amma har yau sashen yana nan yadda yake.

Masu adawa da gyaran suna da hujja biyu. Ta farko, a al'adarmu mace ce ke bin miji. Haka ne, amma ba kowane miji ne ke da inda zai kai ta ba. Mutumin Khartum da ya auri 'yar Kano, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya rushe masa gida, ina za ta bi shi? Ta biyu, tsoron auren bogi don neman takarda. Wannan tsoro gaskiya ne, sai dai auren bogi bai san namiji ko mace ba. Maganinsa bincike: a gindaya shekarun aure, a ji ta bakin mai unguwa da limami, a ziyarci gidan.

Lamarin ya ƙara matsowa kusa da mu tun da Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar ta ce 'yan ƙasashen za su ci gaba da shige da fice har sai an cimma matsaya, amma surukinmu Bamaraɗe bai kamata zamansa da iyalinsa ya rataya a kan sanarwar wucin gadi ba.

Kirana ga iyaye shi ne a riƙa karɓar takardar shaidar aure tun ranar ɗaurin aure. Kirana ga 'yan majalisarmu na Arewa kuma, idan gyaran sashe na 26 ya sake zuwa gabansu, su tuna 'ya'yansu mata ne zai fi amfana, su kaɗa masa ƙuri'a.