Kuɗin Gawon da Ba a Sare Ba

Mai sayen itace ba ya shan wahalar yi wa gawo kuɗi. Ya dubi kaurin gindi, ya ƙiyasta amalanke nawa za ta cika, ya taya. Gwani shi ne wanda zai faɗi darajar gawon yana tsaye da ransa, alhali babu kasuwar da ake sayar da inuwa.

Na ga wani dattijo ya yi wannan aikin a ƙasar Mashi, ranar da magada suka kira shi ya yi wa gona ƙima kafin rabo. Kowa ya zaci iyaka zai fara takawa, sai ya nufi gindin gawo. Ya duƙa, ya damƙo ƙasa ya murza: baƙa wuluk, cuɗe da kashin tumaki. Ya miƙe ya ƙirga taku daga gindi zuwa ƙarshen rassa, sannan ya juya ga babban ɗan mamacin.

"Yaro, dami nawa kuke ɗaurewa a nan, nawa kuma a can faƙon?"

"Baba, ai ba a haɗa su."

Wannan bambanci shi ne takin da ba a saya ba. Gawo yana kaɗe ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Da rani kuma ya yi kore, dabbobi su kwanta a ƙarƙashinsa su bar taki. Dattijon ya haɗa da buhunan 'ya'yan gawo da ake tsinta lokacin da harawa ta yi tsada, ya ninka da shekarun da itacen zai ƙara yi, sannan ya rage wani abu, don kuɗin baɗi ba ɗaya suke da na hannu ba. Duka da ka ya yi, ko alƙalami bai nema ba.

Masana tattalin arziki wannan lissafin suke yi wa gandun daji sukutum, sai dai nasu ya fi wuya, don yawancin masu cin moriyar daji ba su san juna ba. A 1947 Harold Hotelling ya ba hukumar gandayen Amurka wata dabara: a duba nisan da mutane ke tasowa da abin da suke kashewa a hanya, shi zai nuna darajar wurin a wajensu. Dabarar ta yi rana a gabashin Turai bayan faɗuwar kwaminisanci a 1989. A da gwamnati ce mai daji, ita ce mai yanke farashin katako. Da kasuwa ta buɗe, duk abin da ba shi da farashi ya zama kamar na banza. A dajin Biyalowieza na Poland, inda baunar Turai take, masana suka lissafa tafiyar masu ziyara, suka ga ta fi kuɗin katako nesa. A 2018 kotun Tarayyar Turai ta ce saran da ake yi a can ya saɓa doka.

Mu ma mun san irin wannan. A Maraɗi, zamanin da itace yake na hukuma kuma malamin daji ke cin tara, manomi bai ga dalilin renon tsiro ba. Da sassaben zamani, wato renon tsiron itace a gona, ya bazu tun shekarun 1980, itace ya koma hannun mai gona, Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5.

A rabon nan na Mashi, wanda ɓangaren gawo ya faɗa wa ya samu ƙasa mafi ƙanƙanta, kuma ƙannensa ne suka riƙa yi masa tayin musaya.