Littattafan 1934 da darasinsu ga yaƙi da jahilci

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. A 1934 aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam ya fi saura sarrafa harshe da raha, sai dai labarinsa guntaye ne aka harhaɗa, wasu aro daga Larabci. Shaihu Umar kuwa zarensa ɗaya, ya bayyana cinikin bayi ba ɓoye-ɓoye. Abin lura ga masu tsara yaƙi da jahilci a Nijar: wanda ya koyi baƙaƙe, in bai samu irin waɗannan labarai ba, karatunsa zubewa zai yi.